An Fanshe Ka, Ina Godiyarka?

Abin karantawa: Fitowa 20:1-17, Luka 7:36-50, Romawa 12:1-2.

Muna roƙonka ka tara mutanen gidanka da dare, bayan an ci tuwo, ku bi wannan darasi tare. Wanda ya iya karatu ya karanta da ƙarfi saboda waɗanda ba su iya ba.

Ga tambayar da mu ke so ka riƙe a zuciyarka tun daga farko: don me ka ke bin umarnin Allah? Don me ka kwance laya, ka bar giya, ka ke zuwa sujada ran Lahadi? Mutum biyu suna iya noma a gona ɗaya, da hauya iri ɗaya, amma abin da ya kawo su dabam ne. Mutane suna duban aiki, Allah kuwa yana duban abin da ya sa aka yi aikin.

1. GONAR DA AKA BA DA JINGINA

Bari mu fara da misali. Dattawanmu ba su manta da yunwar 1973 da ta 1984 ba. Ruwa ya ɗauke, hatsi ya bushe a tsaye, rumbuna suka zama wofi, mutane suka koma cin anza da jiga. A irin wannan shekara ce wani manomi ya rasa abin da zai ba 'ya'yansa. Ya sayar da awaki, ya sayar da jaki, duk bai isa ba. Daga ƙarshe ya tafi wurin wani mai kuɗi, ya ba da gandun gidansu jingina, gonar da ya gada wurin ubansa.

Kun san yadda jingina ta ke. Mai kuɗi shi zai riƙa noma gonar, yana kwashe amfaninta, sai ran da aka mayar masa da kuɗinsa. Manomin ya tafi cin rani shekara ɗaya, shekara biyu, shekara biyar, amma abin da ya samo bai wuce na abinci ba. Kowace damana yana wucewa ta bakin gonar ubansa, yana ganin wani yana ɗaure damma a ciki. Ya koma ɗan ƙodago a gonakin mutane.

Ran nan sai wansa, wanda ya daɗe a baƙunci, ya dawo gida. Da ya ji labari, ya sayar da shanunsa biyu na noma, waɗanda su ne dukan dukiyarsa. Ya tafi gaban mai gari da shaidu, ya biya kuɗin duka, ya fanshi gonar, ya ce wa ƙanensa, "Ga gonarka. Ba ni binka ko dala."

To, mai karatu, yaya ka ke tsammani ƙanen zai zauna da wansa daga ranar nan? In wan ya kira gayya, wa zai riga kowa zuwa? In ya yi rashin lafiya, wa zai kwana wurinsa? In ya ce, "Ƙanena, ka bar caca, ita ce za ta sake cinye gonar nan," zai ji ko ba zai ji ba? Lalle zai ji. Ba sanda aka ɗaga masa ba, ba kuma lada aka yi masa alkawari ba. Wansa ya yi masa rana, shi ke nan dalili.

Shari'ar da Allah ya ba Isra'ilawa ta san irin wannan hali. Cikin Littafin Firistoci sura 25 an umarta cewa in talauci ya sa mutum ya sayar da gonarsa, ko ya sayar da kansa bawa ga baƙo, ɗan'uwansa na kusa yana da iko ya zo ya fanshe shi. Wannan hoto ne na aikin da Yesu Almasihu ya yi dominmu.

2. BASHIN DA KE WUYANMU

Abin da mu ka ba da jingina ya fi gona. Ranmu ne. Littafi Mai Tsarki ya koya mana cewa dukan mutane sun yi zunubi, kuma mai yin zunubi bawansa ne (Romawa 3:23, Yahaya 8:34). Ka gwada da kanka. Sau nawa ka ce ba za ka ƙara yin ƙarya ba, ko ba za ka ƙara zagin matarka ba, amma kafin kasuwa ta zagayo ka koma? Wanda ba ya iya barin abu, abin nan ya mallake shi.

A zamanin kakanninmu, lokacin da a ke bauta a ƙasar Hausa, akwai abu biyu da ba su zama ɗaya ba: murgu da fansa. Murgu shi ne abin da bawa ya kan ba ubangijinsa a kai a kai don a bar shi ya yi sana'ar kansa. Ko ya shekara 20 yana biya, shi bawa ne har yanzu. Fansa kuwa ita ce kuɗin da a ke biya don a kwance shi daga bauta ɗungum. Mutane da yawa suna zaune da Allah zaman mai biyan murgu. Suna ba da sadaka, suna azumi, suna yanka, suna fatan a sassauta musu. Amma ba wanda ya taɓa samun tabbacin cewa abin da ya biya ya isa.

Bishara ita ce, Ɗan'uwanmu na kusa ya zo. Yesu ya ɗauki jiki irin namu domin ya zama danginmu, ya sami ikon fansarmu. Shi da bakinsa ya ce zuwansa domin ya ba da ransa ne fansar mutane da yawa (Markus 10:45). Manzo Bitrus ya tuna mana cewa ba azurfa ko zinariya aka ƙirga a kanmu ba, jinin Almasihu ne aka zubar (1 Bitrus 1:18-19). Ya mutu a kan gicciye, a rana ta uku Allah ya tashe shi. Tashinsa shi ne shaidar cewa an karɓi fansar, ba sauran bashi.

3. WANNE YA FARA ZUWA, FANSA KO DOKA?

Wannan ita ce cibiyar darasinmu, sai ka natsu.

Isra'ilawa sun zauna a Masar shekara 430. Fir'auna ya mai da su bayi, suna yin tubali cikin rana. Allah bai aiko musu da Dokoki Goma a Masar ba, ya ce, "In kun kiyaye su shekara bakwai, zan zo in fitar da ku." A'a. Ya aiko Musa, ya bugi Masar da annoba 10, ya tsare gidajensu ta wurin jinin ɗan rago da su ka shafa a ƙofa, ya raba musu teku. Sai a wata na uku bayan fitarsu su ka iso Dutsen Sina'i, a can ne ya ba su shari'a.

Buɗe Fitowa sura 20 ka duba aya ta 2. Kafin Allah ya faɗi ko doka ɗaya, sai da ya tuna musu ko shi wane ne, da gidan bautar da ya fitar da su daga ciki. Dokoki Goma ba kuɗin fita daga Masar ba ne. Hanyar zaman mutanen da an riga an fitar da su ce.

Ku iyaye, akwai magana dominku cikin Maimaitawar Shari'a 6:20-25. Musa ya ce wata rana yaro zai tambayi ubansa ma'anar dokokin nan duka. Amsar da aka koya wa uban ba ta fara da tsoratarwa ba. Ta fara da labari: dā mu bayi ne, Ubangiji ya cece mu. In ɗanka ya tambaye ka, "Baba, don me ba mu zuwa wurin boka kamar maƙwabtanmu?" kada ka ce masa, "Fasto ya hana." Ka zaunar da shi, ka ba shi labarin yadda Yesu ya kwance ka daga tsoron iskoki da mayu.

Manzo Bulus ma haka ya bi. A wasiƙarsa zuwa ga Romawa ya cika sura 11 yana bayyana zunubinmu da jinƙan Allah. Sai a sura 12 ya roƙi masu bi su miƙa jikinsu ga Allah kamar hadaya mai rai, ya kuma kafa roƙon a kan jinƙan nan da ya gama bayyanawa. A Afisawa, sura 1 zuwa 3 suna faɗin abin da Allah ya yi, sura 4 zuwa 6 suna faɗin yadda za mu yi tafiya.

Masu bi na dā sun riƙe wannan jeri sosai. A shekara ta 1563, a garin Haidilbag na ƙasar Jamus, an rubuta littafin koyarwa mai tambaya da amsa 129, domin yara da manya. An raba shi kashi uku: na fari, girman zunubinmu da wahalarmu, na biyu, yadda aka fanshe mu, na uku, yadda za mu gode wa Allah. A wane kashi ka ke tsammani su ka sa bayanin Dokoki Goma da Addu'ar Ubangiji? A kashi na uku, wato na godiya.

4. MA'AIKATA UKU A GONA ƊAYA

Ka ga mutum uku suna noma. Na fari bawa ne, yana noma don tsoron bulala, in ubangijinsa ya ba da baya sai ya nemi inuwa. Na biyu ɗan ƙodago ne, idonsa yana kan rana, yana jiran ta faɗi a biya shi. Na uku ɗan mai gona ne. Ba mai tsaronsa, ba mai ƙirga masa kunya, amma shi ne ya kan tsaya ya cire ƙuduji, ya toshe inda awaki ke shiga, gama gonar ubansa ce, yana kuwa ƙaunar ubansa. Wanne ne kai a cikin ukun nan?

Wata rana wani Bafarisiye mai suna Saminu ya kira Yesu cin abinci. Sai ga wata mace wadda duk gari ya san zunubinta. Ta tsaya wajen ƙafafun Yesu tana kuka, hawayenta suna jiƙa su, tana sharewa da gashin kanta, tana shafa musu man ƙanshi. Saminu ya ji haushi a zuci. Yesu ya ba shi misalin mutum biyu da a ke bi bashi, ɗaya dinari 500, ɗaya dinari 50. Dinari ɗaya shi ne ladan ƙodagon yini guda a lokacin, wato na farko bashinsa ya fi aikin shekara ɗaya. Dukansu ba su da abin biya, mai kuɗin ya yafe musu. Yesu ya tambayi Saminu wanda zai fi ƙaunar mai yafewar. Saminu ya ce wanda aka yafe wa mai yawa, Yesu kuwa ya ce ya amsa daidai.

Saminu bai ba Yesu ko ruwan wanke ƙafa ba, gama a ganinsa bashinsa kaɗan ne. Matar ta san nata da yawa. Mutumin da ya ke ganin kansa mai kirki, godiyarsa ba ta da nauyi, biyayyarsa kuma ta ganin ido ce.

5. RAMUKA BIYU A BAKIN HANYA

Rami na fari shi ne neman biyan Allah. In sarki ya aiko maka da doki kyauta, ka kan ba ɗan aike tukuici, ka tafi fada ka yi godiya. Ba wanda zai ce tukuicin nan kuɗin doki ne. Amma in ka ƙirga kuɗin dokin ka aika wa sarki, ka zage shi, gama ka mai da kyautarsa ciniki. Haka ya ke ga mai bi da ke tsammani baikonsa, da zuwansa majami'a, da barin giyarsa su ne za su saya masa gafara. Afisawa 2:8-10 ta nuna mana ceto kyauta ce ta alherin Allah, ba ladan ayyuka ba, sa'an nan ta ce an halicce mu cikin Almasihu domin ayyuka nagari. Ayyukan 'ya'yan itace ne, ba saiwa ba. Wanda ya faɗa ramin nan, ko dai girman kai ya kama shi, yana rena 'yan'uwa, ko kuwa tsoro ya hana shi barci, yana cewa bai yi abin da ya isa ba.

Rami na biyu shi ne butulci. Wani ya kan ce, "Tun da an riga an biya, bari in yi abin da na ga dama." Ka tuna da manomin nan. Da a ce bayan wata uku ya sake kai gonar jingina don kuɗin burkutu, me garin zai kira shi? Bulus ya ta da wannan tambaya cikin Romawa sura 6, ko za mu zauna cikin zunubi don alheri ya yawaita, ya kuwa ƙi ta sarai. Cikin 1 Korantiyawa 6:19-20 ya ce mu ba na kanmu ba ne, tun da an saye mu da tsada.

Luka 17:11-19 ta ba mu labarin kutare 10. Yau kuturta tana da magani, mutum ya kan warke cikin wata 6 zuwa 12 in ya sha shi daidai, mutanen ƙasar Maradi kuwa sun san asibitin Danja. Amma a kwanakin nan kuturu bayan gari ya ke zaune, rabe da iyalinsa. Yesu ya warkar da su goma ɗin duka. Mutum ɗaya kaɗai ya komo ya faɗi a gabansa yana godiya, shi kuwa Basamariye ne, baƙo. Yesu ya tambaya inda sauran taran su ke. Sun karɓi kyauta, sun manta da mai kyauta. Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici. Taran nan ko wannan ba su bayar ba.

6. YADDA GODIYA TA KE BAYYANA

Godiyar baki tana da sauƙi. Kowa ya iya cewa, "Mun gode Allah." Amma godiya ta gaskiya tana da hannu da ƙafa. Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, da Yesu ya sauka gidansa, ba wanda ya tilasta shi. Shi ya miƙe ya ce zai ba matalauta rabin dukiyarsa, wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki huɗu (Luka 19:1-10). Ga inda taka godiya za ta bayyana.

A gona. Kada ka ture iyaka ka ci ta maƙwabcinka. In ka ɗauki ɗan ƙodago, biya shi kafin rana ta faɗi. Lokacin girbi ka bar kala domin gwauruwa da maraya da baƙo. Maimaitawar Shari'a 24:17-22 ta ba da wannan umarni, dalilin da ta kawo kuwa shi ne su tuna dā su bayi ne a Masar. In damana ta yi gardama, maƙwabta su ka ce a yi yanka a gindin tsamiya, kada ka sa hannu. Wanda ya ba da Ɗansa dominka ba zai manta da rumbunka ba.

A kasuwa. Kada ka aje tiya biyu, babba ta saye, ƙarama ta sayarwa. Kada ka zuba ruwa a nono, ko yashi a gujiya. In ɗan'uwa ya zo rancen hatsi da bazara, kada ka ba shi dami ɗaya don ka karɓi uku da kaka. An yafe maka abin da ya fi wannan.

A gida. Kai maigida, ka ƙaunaci matarka yadda Almasihu ya ƙaunaci ikkilisiya, shi kuwa ransa ya bayar (Afisawa 5:25). Mai irin wannan ƙauna ba ya ɗaga mata hannu, ba ya kai hatsin gida kasuwa a ɓoye. Ke uwargida, ki girmama mijinki, ki tsare bakinki daga tsegumi a bakin rijiya, kada ki ɗaura wa jaririnki laya don surukarki ta matsa miki. Ku yara, ku ji maganar iyayenku da fara'a.

Wajen gafara. Wannan ya fi wuya. Watakila akwai wanda ya ci amanarka, ko dangin da su ka hana ka gado don ka bi Yesu. Karanta Matiyu 18:23-35, labarin bawan da sarki ya yafe masa bashin da ba zai iya biya ba har abada, ya fita ya shaƙe abokinsa a kan dinari 100. In kana riƙe da wani a zuci, tafi wurinsa cikin makon nan.

7. IN ZUCIYARKA TA YI SANYI

Watakila ka ce, "Na san wannan duka, amma na faɗi, na koma wa abin da na rantse na bari." Kada ka gudu daga Ubangiji, kada kuma ka ce sai ka gyara kanka tukuna. Bitrus ya yi musun Yesu sau uku a dare ɗaya. Bayan tashinsa, a bakin Tekun Galili, Yesu bai nemi diyya a wurinsa ba. Sau uku ya tambaye shi ko yana ƙaunarsa, sa'an nan ya danƙa masa kiwon tumakinsa (Yahaya 21:15-17). Ka furta zunubinka, ka tashi ka ci gaba.

Wutar da ta kusa mutuwa, itace a ke ƙara mata. Itacen godiya shi ne tunawa. Saboda haka ne Ubangiji ya ba mu Jibinsa, mu ci gurasa mu sha ƙoƙo muna tunawa da mutuwarsa. Ka riƙa karanta labarin gicciye. Ka riƙa ba 'ya'yanka labarin tubanka. Ka roƙi Ruhu Mai Tsarki ya ba ka ƙarfi, gama shi ne mai sa mu so nufin Allah, mu kuma aikata shi.

In kuwa kai mai karatun nan ba ka taɓa karɓar fansar ba, kada ka fara da gyaran hali. Ba a gode wa kyautar da ba a karɓa ba. Ka fara zuwa wurin Yesu yadda ka ke, ka tuba, ka gaskata da shi. Fasto ko mai bishara na kusa da kai zai yi murnar yin magana da kai.

TAMBAYOYI DOMIN IYALI

1. Mene ne bambancin murgu da fansa? Wanne ne Yesu ya yi dominmu?
2. A ina Isra'ilawa su ke sa'ad da Allah ya ba su Dokoki Goma? Me wannan ya koya mana?
3. Don me matar nan ta fi Saminu ƙaunar Yesu?
4. Faɗi ramuka biyu da ke bakin hanyar mai bi. Wanne ya fi kusa da kai?
5. Wane abu ɗaya ne kowannenku zai yi cikin makon nan don nuna godiya ga Ubangiji?

Ayar haddacewa: 1 Korantiyawa 6:20.

ADDU'A

Ya Ubanmu na sama, mun ba da ranmu jingina ga zunubi, ba mu da abin fansar kanmu. Mun gode maka da ka aiko Ɗanka Yesu ya biya dominmu da jininsa. Ka gafarta mana butulcinmu, ka gafarta mana girman kanmu. Ka ba mu Ruhunka, domin mu yi maka biyayya da murna a gida, da gona, da kasuwa, kamar 'ya'ya masu ƙaunar Ubansu. Cikin sunan Yesu Almasihu Mai Fansarmu. Amin.